Cunkoson Jiragen Siminti a Ikko, 1975

Bayan tashin farashin man fetur a 1973, kuɗi suka kwararo baitulmalin Nijeriya, sa'an nan ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata da dama suka ƙudura gina gidajen kansu. Amma masana'antun Nkalagu da Ewekoro da Sakkwato ba su iya ƙosar da ƙasa ba. Sai hukumomin gwamnatin Janar Gowon suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 daga ƙetare, galibinsa da sunan Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke ko rubu'insa cikin shekara guda.

A 1975 jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a mashigin Apapa, gwamnati tana biyan kuɗin jira kullum, simintin yana daskarewa a cikinsu, sauran kayayyaki kuma suka rasa hanyar shigowa. Ga siminti jibge a kan teku, ga mai gini a Kano ya tsaya a harsashi saboda tsada.

Da Janar Murtala ya karɓi mulki a watan Yuli, ya dakatar da odar, ya sa aka yi bincike. Aka buɗe tashar Tin Can a 1977, masana'antar Ashaka kuwa ta soma aiki a 1979.