Daga bakin teku zuwa hanyar Gwarzo: yadda ake jigilar manyan ƙarafan masana'antu zuwa Arewa

Hanyar da ta tashi daga Kabuga a birnin Kano, ta bi ta Rimin Gado, ta ratsa ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo har ta kai Dayi a Jihar Katsina, hanya ce ta gwamnatin tarayya. Daga Dayi ake kama hanyar Malumfashi da Funtuwa. Hakan ya sanya ta tsakanin tashoshin tsandauri biyu: ta Dala da ke Zawaciki a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023, da ta Funtuwa da aka buɗe a watan Mayun 2024. Domin haka batun jigilar kaya masu nauyin gaske ya shafi mutanen wannan yanki kai tsaye, tun daga ƙarkon kwaltarsu har zuwa lafiyar masu tafiya a gefenta.

Wane irin kaya ne wannan?

Yawancin kayan da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa a cikin kwantena suke zuwa. Babbar kwantena tana da tsawon kimanin mita 12 da faɗin da bai kai mita biyu da rabi ba, kuma nauyinta da kayan cikinta yana tsayawa ne a wajen tan 30. Duk abin da ya wuce wannan ma'auni, kuma ba ya rarrabuwa gida-gida, shi ake kira kaya mai wuce kima. A cikinsa akwai manyan taransifomomin lantarki, da injinan samar da wuta, da tukwanen matatun mai, da ƙarafan gada, da katafilolin aikin hanya. Babbar taransifoma guda tana iya haura tan 100 ko da an tsiyaye man cikinta.

Misali mafi girma a Nijeriya shi ne na matatar man Ɗangote da ke Lekki. A ƙarshen 2019 aka kawo mata hasumiyar tace ɗanyen mai daga ƙasar Sin, mai tsawon fiye da mita 110 da nauyin sama da tan 2,000. Kamfanin ya gina tasa matsayar jiragen ruwa kusa da matatar domin sauke irin waɗannan kaya, kuma kamfanin Mammoet na ƙasar Holan ya yi aikin jan su a kan dandamali masu ɗaruruwan tayoyi. Kaya irin wannan ba shi da hanyar isowa Kano, domin babu gadar da za ta ɗauke shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa manyan masana'antu suke taruwa a bakin teku.

Ta ina ake biyowa?

Manyan tashoshin ƙasar su ne Apapa, da Tin Can, da Lekki a Legas, sai Onne, da Fatakwal, da Warri, da Kalaba. Daga Legas zuwa Kano tafiyar ta haura kilomita 1,000. Hanya ta farko tana bi ta Ibadan, Ogbomoso, Ilori, ta haye Kogin Kwara a Jebba, ta kai Mokwa. Daga nan direba ya zaɓa: ko ya bi Tegina da Birnin Gwari, ko ya zagaya ta Bidda da Suleja. Wanda ya kai Birnin Gwari yana iya nufar Kaduna, yana kuma iya yankewa ta Funtuwa, Malumfashi, Dayi da Gwarzo ya shiga Kano ta yamma. Hanya ta biyu tana bi ta Lokoja, Abuja, Kaduna da Zariya, kuma ita ce ta masu tasowa daga Warri da Onne.

Kowace na da tata matsala. Yankin Birnin Gwari ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga, ga lalacewar hanya, alhali motar da ke tafiyar hawainiya ita ce ta fi sauƙin tarewa. A watan Yunin 2017 ambaliya ta cinye gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa, sai da aka karkatar da manyan motoci zuwa wasu hanyoyi. Hanyar Abuja zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, an ba da kwangilar sake gina ta a ƙarshen 2017, kuma an yi shekaru ana bi ta hannu ɗaya a sassa da dama.

Yadda ake shirya tafiyar

Aikin yana farawa tun kafin jirgi ya iso. Injiniyoyi suna bin hanyar gaba ɗaya, suna auna tsayin gadojin sama da na wayoyin lantarki, da faɗin kwana da shataletale, da ƙarfin kowace gada da kwalbati. Inda suka ga ba za a wuce ba, sai a canza hanya, ko a tallabe gada da ƙarafa, ko a shirya da kamfanin rarraba lantarki ya ɗauke wuta a ɗaga waya.

Bayan Hukumar Kwastam ta sallami kayan, ana ɗora shi a kan tirela mai gajeren gado, wadda direbobi ke kira lobed, domin a rage tsayinsa. Idan nauyin ya yi yawa, sai a haɗa dandamali masu jerin tayoyi da yawa, waɗanda ke ɗagawa da sauka da ƙarfin mai domin kowace taya ta ɗauki rabonta. Ana ɗaure kayan da sarƙoƙi, a sa motar rakiya a gaba da baya da fitilu da tutoci. Tafiyar da motar haya ke yi a kwana ɗaya tana iya cin makonni.

Abin da doka ta tanada

Ƙungiyar ECOWAS ta amince da dokar bai-ɗaya kan nauyi da girman manyan motoci a 2012, ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa kuwa, irin su Nijar, suna da tasu tun 2005. Ma'aunin da aka fi ambato shi ne tan 11.5 a kan jerin tayoyi guda. Nijeriya ta fitar da nata ƙa'idoji a 2018 a ƙarƙashin Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya. Kayan da ba ya rarrabuwa yana buƙatar izini na musamman kafin ya hau hanya. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ce mai hanyar, hukumar FERMA ke da alhakin gyare-gyare, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da lafiyar masu tafiya.

Dalilin wannan iyaka ya samo asali ne daga wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960. An gano cewa idan nauyin da ke kan jerin tayoyi ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Bisa wannan lissafi, jerin da ya ɗauki tan 15 a maimakon 11.5 yana cin hanya kusan ninki uku. Saboda haka lobed mai tayoyi da yawa da aka yi wa kyakkyawan lissafi tana iya zama mai sauƙi ga kwalta fiye da tirelar siminti ko ta hatsi da aka yi wa lodin ganganci. Ga gada kuwa jimillar nauyin ce abin dubawa. Abin da ke tabbatar da duk wannan shi ne sikelin awon motoci, kuma dokar da babu sikeli a bayanta ba ta wuce takarda ba.

Ina jirgin ƙasa?

Layin dogo ya iso Kano tun 1911, amma ƙaramin layi ne mai faɗin milimita 1,067, kuma ya tsufa. Sabon layi mai faɗin milimita 1,435 yana nan gutsure-gutsure: Abuja zuwa Kaduna tun 2016, Legas zuwa Ibadan tun 2021. An ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, na Kaduna zuwa Kano kuma a watan Yuli na shekarar. Sashen da zai haɗa Ibadan da Abuja shi ne babban giɓin da ya raba Arewa da teku. Tashar ruwa ta Baro da ke kan Kogin Kwara, wadda aka buɗe a Janairun 2019, ita ma ba ta kama aiki yadda aka yi fata ba.

Aikin bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano ya nuna abin da dogo ke iya saukewa daga kan hanya. Tsawonsa kilomita 614 ne, faɗin bututun inci 40, kuma an ƙaddamar da shi ranar 30 ga Yunin 2020. A watan Afrilun 2021 kamfanin NNPC ya fara ɗauko bututan a jirgin ƙasa daga Warri zuwa Itakpe, inda jirgi ɗaya ya kwaso 96, wato lodin tireloli 32. Idan aka ƙaddara kowane bututu mita 12 ne, aikin yana buƙatar sama da guda 50,000, kimanin sawun tirela 17,000 ke nan. Sai dai layin ya tsaya a Itakpe ta Jihar Kogi, don haka bututan da aka binne a Arewa a bayan mota suka ƙarasa.

Abin da ya shafi Gwarzo da Kabo

A zamanin mulkin Muhammadu Buhari gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Dayi tagwaye. Yankin yana da murya a majalisa: Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma Sanata Barau Jibrin na Kano ta Arewa, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023, ɗan Kabo ne. Faɗaɗa hanya yana jawo manyan motoci, musamman idan tashoshin Dala da Funtuwa suka bunƙasa.

Alherin a bayyane yake. Taransifoma, da injin casar shinkafa, da famfunan ban-ruwa na madatsu irin ta Challawa da ke maƙwabciyarsu Ƙaraye, duk ta mota suke isowa, kuma kuɗin jigilarsu yana cikin abin da ke sa kafa masana'anta a Arewa ya fi tsada. Haɗarin ma a bayyane yake, domin hanyar tana ratsa garuruwa da kasuwanni, inda 'yan acaɓa, da amalanken shanu, da 'yan makaranta ke raba kwalta ɗaya da tirela. Doguwar mota tana cin ɓangarori biyu idan za ta karya kwana, ba ta tsayawa nan take, kuma idan ta lalace tana iya toshe hanya har sai an kawo injin ɗaga kaya daga birni.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardu, kuma ta wajabta a amsa masa cikin kwana bakwai. Matashi daga Getso ko Garo yana iya tambayar Ma'aikatar Ayyuka nauyin da aka tsara gadojin hanyar su ɗauka, da ko akwai sikeli da wurin ajiye manyan motoci a cikin kwangilar, da yawan izinin kaya mai wuce kima da aka bayar domin bin hanyar. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne za su nuna ko sabuwar kwaltar za ta kai shekarun da aka biya kuɗinta.