Baƙon da ya sauka a Zagami: tarihin jiragen faifai da abin da muka sake

Makon jiya ƙanena ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp daga gida Yekuwa. Wani haske ne ke yawo a sama, mai magana yana rantsuwa wai jirgin halittun wata duniya ne ya zo leƙen mu. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, don Allah gaskiya ne?" Tambayar ta tuna mini da dararen bazara a tsakar gidanmu, muna kwance a tabarma. Da zarar tauraro ya tsinke ya ja layin wuta, sai kakarmu ta ce mu yi a'uziyya, shaiɗanu ake jifa.

Labarin jirgi mai siffar faifai yana da ranar haihuwa. Ranar 24 ga Yuni 1947 wani matuƙin jirgi ɗan Amurka, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a sama kusa da dutsen Rainier. Ƴan jarida suka kama zancen, suka kamanta su da faranti mai tashi. Cikin makonni kaɗan aka ba da labarin tarkacen da aka tsinta kusa da garin Roswell. Sai a 1994 rundunar sojan saman Amurka ta bayyana cewa balan-balan ɗin wani shirin sirri ne na sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. A shekarar nan ta 1994, yara kusan 60 na makarantar Ariel a garin Ruwa na Zimbabwe suka ce sun ga jirgi ya sauka, da wasu halittu masu manyan idanu. Yaran sun girma, da yawansu suna nan kan bakansu, amma babu ƙarfe ko ƙyalle ɗaya da aka ɗauka a wurin aka auna.

To, a ƙasar Hausa an taɓa yin baƙo daga wata duniya, kuma shi an ɗauke shi an auna. Ranar 3 ga Oktoba 1962, a Zagami ta ƙasar Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, wani abu ya nutse cikin ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tona ramin, mai zurfin kusan ƙafa biyu, sai ga dutse mai nauyin kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa da ma'adinai a Kaduna.

Shekaru suka shuɗe kafin a tabbatar da asalinsa. A 1976 kumbunan Viking na Amurka sun sauka a duniyar Mars sun auna iskarta. A 1995 masana suka sami iska a maƙale cikin dutsen Zagami, ta kuma yi daidai da wancan awon. Ashe wani karo ne ya ɓamɓaro shi daga Mars, ya yi kusan shekara miliyan uku yana gararamba a sararin samaniya kafin ya faɗo gonar Bakatsine. A 1996 ma an saka ɗan ɓarɓashinsa cikin kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi wajen da ya fito.

Ina sauran dutsen? Wani ɗan kasuwar irin waɗannan duwatsu Ba'amurke, Robert Haag, ya sami babban kaso ta hanyar musaya, aka yayyanka, aka sayar a ƙasashen duniya. Yaro ɗan Faskari, ƙaramar hukumar da Zagami take, zai iya gama sakandare bai ji labarin ba.

Mu ma a Nijar mun sha irin wannan. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mars a jihar Agadas, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, mafi girma da aka taɓa samu a bayan ƙasa. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dala miliyan 5.3, wato kusan biliyan uku na sefa. Kamfanin ya ce takardunsa cikakku ne. Gwamnati ta buɗe bincike, ta dakatar da fitar da irin duwatsun, amma a lokacin dutsen ya riga ya shiga hannun wanda ko sunansa ba a bayyana ba.

Abin da na amsa wa ƙanena ke nan. Hasken bidiyonsa zai iya zama tauraron ɗan'adam ko jirgi maras matuƙi, su ma yanzu sun cika sama. Amma in wata rana aka ji ƙara tsakanin Yekuwa da Dungas, aka tarar da baƙin dutse mai nauyi kamar an ƙona bayansa, kada a fasa shi a yi laya, kada a miƙa wa dillalin farko da ya zo da jaka goma. A ɗauki hotonsa a inda ya faɗi, a rubuta rana da wuri, a sanar da maigari da magajin gari, a nemi malaman jami'ar Damagaram su zo su gani kafin a yi maganar kuɗi.