Santsin Cikin Randa da Tarihin Kwalara

Da ƙasa aka gina Birnin Zazzau, kuma duk inda aka haƙi ƙasar tubali sai an bar rami. Waɗannan ramuka su ne kududdufan da ke tsakanin unguwanni, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, waɗanda ke tumbatsa da damina. Ruwan sha kuwa, kafin famfo ya iso daga Kogin Galma, daga rijiyar gida ake jawo shi ya kwana a randa. Kowace uwargida ta san idan randa ta kwana biyu ba wanki, cikinta yakan yi wani santsi mai yauƙi. Tarihin wannan santsi nake son bi.

A shekarar 1683 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba a madubin ƙara girma, sai ya ga halittu suna motsi. Duk da haka masana sun shafe kusan ƙarni uku suna nazarin bakteriya kamar kowace ita kaɗai take yawo. Sai a 1978 Bill Costerton da abokan aikinsa suka bayyana cewa akasarinsu a manne suke rayuwa, cikin wani yauƙi da suke fitarwa da kansu. Ginshiƙin yauƙin dogayen sarƙoƙin sukari ne, waɗanda ake kira folisakarayid. Aikinsu aikin yaɓe ne: su haɗa ƙwayoyin, su manna su a bango, su kare su daga magani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda jinsuna mabambanta ke yaɓe da abu guda. A 1996 masu bincike a Jamus suka gano siffar wata sarƙa a jikin Staphylococcus epidermidis, mai zama a fatar mutum. A 2004 aka iske ita ɗin ce dai E. coli ta cikin hanji ke ƙerawa, alhali ba dangi na kusa ba ne. Ƙwayar kwalara kuwa tata daban ce, kuma binciken 1999 ya nuna cewa idan ta lulluɓa da ita takan jure kulorin fiye da yadda aka saba.

Annobar kwalara ta bakwai ta taso daga Indonesiya a 1961, ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1971 an ƙirga mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka rasu. A 1991 mamatan sun kai 7,654. Gari irin namu, inda rijiya da masai da kududdufi ke maƙwabtaka, ba ya buƙatar a yi masa bayanin hanyar da cutar ke bi. Santsin randa ba shi ke haifar da ita ba, amma idan gurɓataccen ruwa ya shiga, mafaka ce a shirye.

Dunƙulewar nan tana da rauninta. A ƙauyukan Bangaladash an nuna a 2003 cewa tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu ya rage kwalara da kusan rabi, domin ƙwayoyin suna maƙale da abin da ya fi su girma.

Yau jarkar 'yan garuwa ta ture randa a gidaje da dama. Ana yabon ƙaramin bakinta saboda yana hana tsoma hannu da moɗa, kuma yabon gaskiya ne. Sai dai a ganina an manta da ɗaya ɓangaren: hannun da ba ya shiga ya ɓata ruwa, ba ya shiga ya goge bango. Randa akan juye ta, a cuɗe cikinta da soso, a kife ta a rana. Jarka kuwa sai dai a girgiza a zubar, kuma girgizawa ba ta ɓamɓare yaɓen da ya riga ya kama.