Ziyarar tabkin Madarunfa: kallon tsuntsaye, su da farauta

Tabkin Madarunfa yana kudu da birnin Maraɗi, kusa da garin Madarunfa. Gulbin Gabi ne ke kawo masa mafi yawan ruwansa da damina. A shekara ta 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Ma'anar wannan ita ce a ci moriyar tabkin ba tare da an kashe shi ba.

Lokacin da ya fi dacewa da kallon tsuntsaye shi ne lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A sa'an nan ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke sauka, bayan sun ƙetare teku da hamadar Sahara. Sukan iso a rame. Idan aka yi ta korarsu ba za su samu ƙarfin komawa gida ba. Suna tarar da na gida, irin su belbela da zalɓe da kirinjijiya. Shamuwa kuwa ba a ganinta a lokacin, sai gab da damina. Mai kallo ya fito da sassafe, ya sa tufafi marasa haske, ya zauna nesa, ya yi shiru.

Masunta na kama tarwaɗa da karfasa. Baƙon da ke son su ya fara gaida sarkin ruwa, ya kuma nemi takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji. Kada a ja gidan sauro cikin ruwa a maimakon koma: yana kwashe ƴaƴan kifi, baɗi kowa ya rasa.

Farauta tana da dokarta ta 1998. Ba a yinta sai da takarda, kuma sai cikin lokacin da hukuma ta buɗe. An hana sa guba, da cinna wa daji wuta, da farautar dare da fitila.

Akwai abu biyu na kiyaye lafiya. Wanka cikin ruwan da ba ya gudu yana iya kawo tsargiya. Tsuntsun da aka tarar matacce kuma kada a taɓa shi, a sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya a 2006.

A kewayen tabkin akwai kusheyin waliyyai, waɗanda mutanen wurin ke cewa 99 ne. Jama'a na zuwa ziyararsu, saboda haka baƙo ya tambayi hanya kafin ya ratsa.