Maganin Kwalba da Maganin Gida

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kantunan Turawa suka shiga sayar da magani na kwalba da na ƙwaya, 'yan koli kuwa suka kai shi ƙauye. Takardun tallansa bakinsu ɗaya da mai kirarin magani a Kurmi: kwalba guda, wai ta kori zazzaɓi, da tari, da ciwon ciki.

Maganin gida kuwa ba a buga masa talla ba. Likita Dalziel ne ya rubuta sunayen itatuwan Hausa cikin littafinsa na 1916, irin su sabara, da rai-ɗore, da maɗaci, wanda ake jiƙa ɓawonsa don zazzaɓi.

Wahalar ta faɗa wa malaman asibitin En'e. Majiyyaci ba ya zuwa sai ya gama da jiƙo, ya ƙarar da kuɗinsa a kanti, cuta ta ci ƙarfinsa, in ya mutu kuwa a ce asibiti ne. Da masana'antu suka tara leburori a Bompai da Dakata, masu talla suka bi su har ƙofa ranar albashi.