Tsohon Baka Da Isnadinsa

 Akwai wani kayan gado da ke ƙarewa a gidajenmu ba wanda ya kula, wato baka da kwarin kakanni. Wani yana rataye a zaure gara na cinsa, wani yara sun karya, wani kuwa an sayar wa dillali a kuɗin da ba su kai na buhun masara ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san ciniki, kuma na daɗe ina bin irin waɗannan bakunkuna ina saye ina ajiyewa. Abin da na gane shi ne, bakan da ba a san hannun da ya bi ba itace ne kawai.

Mu da muka yi Islamiyya mun san malaman Hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. To haka nake yi wa baka. Wa ya ba ka? Shi daga wa ya gada? Maharbi ne ko ɗan yaƙi? A wane gari ya zauna? In an kai mutum uku a jere ba tsinkewa, na rubuta a takarda na ɗaura a jikin bakan. In mai gida ya ce mini "na yaƙin Shehu ne" alhali bai san ko sunan kakan da ya riƙe shi ba, sai in sa shi cikin masu rauni. Kowa dai yana son nasa ya zama na jihadi.

Ba laifinsu ba ne, don baka yana da girma a tarihinmu. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, jama'ar Shehu ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, 'yan baka ne suka tarwatsa barade na Gobir. Har yau sarautar Sarkin Baka ba ta mutu ba. Amma tsakanin Kwatto da nan akwai tafiya, kuma itace da fata ba kasafai suke kai shekara 200 a ɗakin da ake hura wuta ba.

Tarihin da ya fi kusa da bakunkunanmu shi ne na Jama'a. Wajen 1810 Malam Usman ya kafa Jama'ar Daroro, ƙarƙashin Zazzau. Daga baya hedikwata ta dawo Sarari, sannan a 1933 ta koma Kafanchan, bayan jirgin ƙasa ya iso a 1927 ya mai da garin mahaɗa. Kowace ƙaura an zubar da kaya, an bar wasu, an kyautar da wasu. Iyayenmu da yawa ma jirgin ne ya kawo su daga Kano da Katsina da Zariya, fatake da mahauta da dillalan citta. Wanda ya zo a jirgi da wuya ya zo da kayan yaƙi, bakan da ke gidansa galibi a nan ya same shi.

A nan ne maganar take da nauyi. In ka bi isnadin baka a wannan ƙasa, sau da yawa yakan fitar da kai daga unguwar Hausawa ya kai ka gidan Bajju ko Kagoro ko Fantsuwam. Wani an saya a kasuwa, wani jingina ce ta bashi da ba a fansa ba, wani kyautar aminci ce tsakanin maharba biyu. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, ganima ce ta zamanin da ake kai hari duwatsu ana kamo bayi don biyan gandun Zazzau. Ina da ɗaya da aka ce mini na wani baraden sarki ne. Da na kai wa wani dattijo maƙeri a gindin dutsen Kagoro, ya juya kibau ya dubi kunnuwansu, nan take ya ce ƙirar gidansu ce. Na rubuta maganarsa a ƙarƙashin ta farko, ban goge ko ɗaya ba.

Kayan da kansu suna ba da shaida in an san abin dubawa. Kibiyar ƙasarmu ta kyauro ce, ba a sa mata gashin tsuntsu, tsirkiya kuwa ta murɗaɗɗiyar fata. Sabuwar tsirkiya a tsohon baka ba aibu ba ne, dama ana sauyawa. Amma a yi hattara da baƙin abin da ke daskare a wuyan kibiya: dafi ne, yawanci na kwankwani, kuma tsufa ba tabbacin ya mutu ba ne. Kada a bar yara su taɓa.

Turawa sun riga mu wannan aiki. Manjo Tremearne ya zauna Jama'ar Daroro a farkon mulkinsu, ya fitar da littafi kan mutanen wannan yanki a 1912, wasu kayan da ya tara kuma suka ƙare a gidajen tarihi na Ingila. Sunan wanda ya tara yana nan a rubuce. Sunan mai kayan fa? Irin wannan asara muka sake gani da gumakan Nok, nan kusa da Kwoi, da aka riƙa tonewa ana fitarwa a ɓoye.

'Yan'uwana 'yan kasuwa su sani, Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba, kuma aikin hannun da aka yi kafin 1918 yana iya shiga ciki. Wanda ke da irin wannan gara ya nemi gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ko na Kaduna, a yi masa rajista.

Sai kuma abin da kowa ya sani. Bayan 1987 da 1992 da 2011, baka a ɗakin mutum yana iya zama abin zargi, kuma gidaje da yawa sun ƙone da abin da ke cikinsu. Nawa duk na kwance musu tsirkiya, kibau suna cikin akwati a kulle, mai unguwa ya san adadinsu, kofin takardun isnadin kuwa yana hannun ƙanena a Zariya.