Yadda Barkono Ya Tona Asirin Jin Zafi

Duk wanda ya taɓa cin masa da yaji a Fadaman Mada da ke Bauchi ya san yadda zufa ke karyo wa mutum ko da masar ta huce. Me ya sa harshe ke jin wuta inda babu wuta? Masana sun daɗe suna bin sawun wannan tambaya.

A ƙarni na 17, René Descartes na Faransa ya yi hasashen cewa akwai wani zare da ya tashi daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, idan wuta ta taɓa ƙafa sai ta fizge shi. A 1882 Magnus Blix na Siwidin ya nuna cewa wuraren da ke jin sanyi a fata daban suke da masu jin ɗumi. An san jijiyoyi ne ke kai saƙo, amma abin da ke tayar da saƙon tun farko ya ci gaba da ɓuya fiye da shekara 100.

Barkono ne ya buɗe ƙofar. Shi kansa baƙo ne a wurinmu, domin daga nahiyar Amurka ya fito, jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa shi bayan 1492. Kafin zuwansa da masoro da kimba da citta ake yaji. A 1997 David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya yi amfani da kafsaisin, sinadarin da ke sa barkono yaji, ya gano wata 'yar ƙofa a bakin jijiya mai suna TRPV1. Da yaji da zafin da ya haura digiri 43 duk ita suke buɗewa, saƙo ɗaya ke isa ƙwaƙwalwa: ana ƙuna! Shi ya sa jiki ke sakin zufa. Ƙofar tsuntsaye ba ta jin kafsaisin, dalilin da ya sa kaza ke tsattsagar barkono hankalinta kwance. A 2002 Julius da Ardem Patapoutian, kowa a nasa ɗakin binciken, suka gano TRPM8 mai jin sanyi, wadda mentol ɗin alewar Tom Tom ke buɗewa. An ba su kyautar Nobel a 2021.

A ganina, darasin da ya fi shafarmu ya riga wannan bincike zuwa. Dattawan Bauchi ba su manta da asibitin kuturta na Bayara ba. Da can an ɗauka cutar ce ke cinye yatsu, har likita Paul Brand, yana aiki a Vellore ta Indiya, ya tabbatar cewa jijiyoyi take kashewa. Mutum ya ɗauki tukunya daga murhu bai ji ba, ya taka ƙaya bai sani ba, rauni ya ruɓe har gaɓa ta salwanta. Ashe raɗaɗin da muke gudu rahama ce daga Allah.

Yau ciwon suga na yi wa ƙafafun mutane da yawa irin wannan ɓarna. Mai wannan lalura ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, ya daina yawo ba takalmi, ya gwada ruwan zafi da gwiwar hannu kafin ya tsoma ƙafa lokacin hunturu. Idan ya ga miki, ko da ba ya ciwo, ya garzaya asibiti.